Busasshiyar Iska da Rayuwar Ɗan Tsiro a Ɗakin Reno

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙasar Hausa, wato daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa cikin Maris, kowa yakan ga alamunta a jikinsa. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, fata ta yi kaushi, wanki kuwa ana shanya shi ba a jima ba sai a kwashe. A daidai wannan lokaci ne kuma manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda suke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da takwarorinsu na Bakolori da na Galmi a Jamhuriyar Nijar, suke fama da renon iri da dashen tumatir da attarugu da tattasai da albasa. A 'yan shekarun nan, musamman bayan ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a jihohin Kaduna da Kano da maƙwabtansu a 2016, mutane da yawa sun koma renon iri a cikin rumfar leda ko ta raga, wasu ma a cikin ɗaki, a farantai masu ƙananan gurabe, domin kare iri mai tsada daga ƙwari.

Sai dai akwai wani abin mamaki da masu wannan reno suke yawan cin karo da shi. Ƙasar da ke cikin faranti tana nan a jiƙe, ba a yi sakaci da ban-ruwa ba, amma da rana ta take sai a ga 'yan tsirrai sun yi yaushi, ganyensu ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone. Mai reno yakan ɗauka ƙishirwa ce, sai ya ƙara ruwa, saiwa kuma ta ruɓe, a yi biyu babu. Amsar wannan matsala tana cikin iskar da ke kewaye da ganyen, kuma fahimtarta tana buƙatar a haɗa ilmin tsirrai da ɗan abin da ya shafi kimiyyar yanayi.

Mene Ne Danshin Iska?

Iskar da ake shaƙa tana ɗauke da ruwa a cikin siffar tururi wanda ido ba ya gani. Yawan tururin da iska za ta iya ɗauka yana da iyaka, kuma zafi ne yake yanke wannan iyaka. Idan aka ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, wato kubik mita ɗaya, iskar da ke cikinsa za ta iya riƙe kimanin giram 9 na tururi idan zafinta digiri 10 ne a ma'aunin Salshiyas. A digiri 20 za ta riƙe kimanin giram 17, a digiri 30 kimanin giram 30, a digiri 40 kuwa ya kai giram 51. Mai karatu zai lura cewa ƙarin digiri goma kusan yana ninka abin da iska za ta iya sha.

Abin da masana yanayi suke kira danshin iska, wanda ake faɗa da kashi bisa ɗari, gwadawa ce tsakanin tururin da iska take ɗauke da shi a yanzu da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafi. Alal misali, iska mai zafin digiri 30 wadda take ɗauke da giram 15 tana da danshi kashi 50 bisa ɗari. Idan ta cika ta kai kashi 100, to duk ɗan sanyin da ya taɓa ta sai tururin ya koma ruwa, wanda shi ne asalin raɓar da ake gani a kan ciyawa da asuba a ƙarshen damina.

Tun a shekarar 1783 wani masani ɗan birnin Janiba, Horace-Bénédict de Saussure, ya ƙera ma'aunin danshi da silin gashin ɗan Adam, domin gashi yana ƙara tsawo idan iska ta yi danshi, yana kuma tsukewa idan ta bushe. A yau ana samun ƙananan ma'aunai masu aiki da batir waɗanda suke nuna zafi da danshi a lokaci guda.

A birnin Kano, danshin iska a watan Agusta yakan kai kashi 80 ko fiye. A tsakiyar hunturu kuwa, lokacin da iska take tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi, danshi da rana yakan sauka ƙasa da kashi 15.

Ƙishirwar Iska

Ga tsiro, abin da ya fi muhimmanci shi ne gurbin da ya rage a cikin iska, wato yawan tururin da take neman ƙari kafin ta ƙoshi. Ana iya kiran wannan gurbi ƙishirwar iska. A zafin digiri 30, iskar Agusta mai danshi kashi 80 tana ɗauke da giram 24, saura giram 6 ta cika. Iskar Fabrairu mai danshi kashi 20 a wannan zafi tana ɗauke da giram 6 kacal, saura giram 24. Ke nan ƙarfin da iskar Fabrairu take zuƙe ruwa da shi daga duk wani abu mai laima ya ninka na Agusta sau huɗu, alhali ma'aunin zafi yana nuna lamba ɗaya a ranakun biyu.

Masana suna auna wannan ƙishirwa da ma'aunin matsin tururi mai suna kilofaskal. A misalin da ya gabata, ƙishirwar iskar Agusta ba ta kai kilofaskal 1 ba, ta Fabrairu kuwa ta kai kimanin 3.4. Masu renon tsirrai a ɗaki sun fi son ƙananan tsirrai su zauna tsakanin 0.4 da 0.8, manya kuma tsakanin 0.8 da 1.2 ko ɗan sama da haka. A zafin digiri 25, kilofaskal 0.8 ya yi daidai da danshi kashi 75 bisa ɗari. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna irin tazarar da ke tsakanin abin da ɗan tsiro yake so da abin da hunturu yake ba shi.

Tafiyar Ruwa a Jikin Tsiro

Tsiro ba shi da zuciyar da za ta harba ruwa zuwa sassan jikinsa. Yadda ruwa yake hawa daga saiwa zuwa ganye, har a itatuwan da tsayinsu ya wuce mita 100 kamar waɗanda ake samu a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A 1727 wani limamin coci ɗan Ingila, Stephen Hales, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa, inda ya riƙa auna nauyin tukunyar da ya shuka furen bi-rana a ciki safe da yamma. Ya gano cewa tsiro guda, wanda tsayinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, yana fitar da ruwa fiye da rabin kilo a yini guda ta ganyensa. A 1894 kuma wasu masana biyu na birnin Dablin, Henry Dixon da John Joly, suka kawo bayanin da aka dogara da shi har yau.

Bayanin shi ne, a cikin saiwa da kara da ganye akwai siraran bututu da ake kira zailam, cike da ruwa tun daga ƙasa har sama. Ƙwayoyin ruwa suna manne da juna ƙam, kamar zoben sarƙa. Idan ruwa ya tashi a matsayin tururi daga cikin ganye, sai ya ja wanda yake biye da shi, shi ma ya ja na bayansa, har jan ya isa saiwa, ita kuma ta tsotso daga ƙasa. Kamar guga ne da ake ja daga bakin rijiya, mai jan kuwa ita ce iska. Fiye da kashi 95 bisa ɗari na ruwan da tsiro ya sha ta wannan hanya yake fita, ɗan abin da ya rage ne yake shiga ginin jiki da haɗa abinci.

Wannan fitar ruwa tana da amfani. Da ita ne gishirin abinci da ke narke a ƙasa yake hawa zuwa ganye. Da ita ne kuma ganye yake yin sanyi, domin kowane giram na ruwa da ya zama tururi yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400. Dalilin da ya sa ruwan randa yake yin sanyi ke nan, kuma a kan wannan ƙa'ida ce Malam Muhammad Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, wadda ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Busasshiyar iskar da ke sanyaya randa ita ce dai take tatse ɗan tsiro.

Ƙofofin Ganye da 'Yan Gadinsu

Idan aka duba bayan ganye da madubin ƙara girma, za a ga ƙananan ƙofofi birjik, waɗanda masana suke kira sitomata. A fili mai faɗin milimita ɗaya da tsawon milimita ɗaya ana iya samun ɗari ko ɗari biyu ko fiye, kuma a tsirrai irin su tumatir sun fi yawa a bayan ganye. Kowace ƙofa tana tsakanin ƙwayoyin halitta biyu masu siffar ƙwayar wake, waɗanda za a iya kira 'yan gadi. Idan haske ya fito, 'yan gadin sukan jawo sinadarin fotashiyam cikinsu, ruwa ya biyo shi, su kumbura su lanƙwashe, ƙofa ta buɗe. Idan suka saki fotashiyam, ruwa ya fita, su saki jiki, ƙofa ta rufe.

Dole ne tsiro ya buɗe waɗannan ƙofofi, domin ta nan ne iskar kabon-dayoksaid take shiga, wadda da ita da ruwa da hasken rana yake haɗa sukari. Amma wannan iska kaɗan ce ƙwarai a sararin sama, kimanin kashi 0.04 bisa ɗari, yayin da cikin ganye yake cike da tururi kusan kashi 100. Saboda haka duk lokacin da ƙofa take buɗe, abin da yake fita ya fi abin da yake shiga nesa ba kusa ba. A tsirrai irin su tumatir da wake da barkono, kafin a kama ƙwayar kabon-dayoksaid ɗaya sai an yi asarar ƙwayoyin ruwa kimanin 400 zuwa 500. Gero da dawa da masara suna da wata hanyar haɗa abinci da ta fi wannan tattali, shi ya sa suke jure zafi da ƙarancin ruwa fiye da kayan lambu. Abarba kuwa da dare take buɗe ƙofofinta, lokacin da iska ta yi sanyi, ta rufe su da rana.

Idan iska ta bushe ƙwarai, ruwan da yake fita ya fi wanda saiwa take kawowa, sai tsiro ya ƙara samar da wani sinadari mai kai saƙo da ake kira asid absisik, wanda aka fara ware shi a 1963. Wannan sinadari ne yake umartar 'yan gadi su rufe ƙofa. Rufewar tana ceton ruwa, amma tana da tsada ta fuska biyu: abinci ya daina haɗuwa ko da rana tana haskawa, ganye kuma ya fara ɗaukar zafi tun da hanyar sanyaya shi ta toshe. Tsiron yana tsakanin ƙishirwa da yunwa, kowanne ya zaɓa sai ya yi hasara.

Abin da Ya Sa Ƙaramin Tsiro Ya Fi Shan Wuya

Itatuwan da suka saba da wannan yanki kowanne yana da dabararsa. Kuka tana zubar da ganye gaba ɗaya da rani, tana kuma ajiye ruwa a gangar jikinta. Tumfafiya tana da ganye mai kauri lulluɓe da kaki. Gawo, wanda yake ganye da rani ya kaɗe da damina, ya dogara ne da doguwar saiwa da ke kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ɗan tumatir mai mako biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Da farko dai saiwarsa gajera ce, rassanta kaɗan ne, kuma tana cikin ɗan gurbin da bai wuce cikin cokali biyu ko uku na ƙasa ba. Ko da ƙasar a jiƙe take, akwai iyakar ruwan da wannan saiwa za ta iya tsotsa a cikin awa guda. Idan iska tana neman fiye da haka, tsiron zai yi yaushi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan ita ce amsar abin mamakin da aka ambata tun farko. Da sanyin safiyar hunturu lamarin yakan ƙara tsananta, domin saiwar da take cikin ƙasa mai sanyi ba ta tsotsar ruwa da sauri, alhali rana ta riga ta fara dumama ganye.

Na biyu, fatar ganyensa sabuwa ce. Kowane ganye yana da wani siririn rufi na kaki a samansa wanda ke hana ruwa tsiyaya ta wurin da babu ƙofa. A sabon ganye wannan rufi bai gama kauri ba, don haka ko an rufe ƙofofi duka, ruwa yana ci gaba da zurarewa.

Na uku, jikinsa ba shi da katako. Abin da yake tsayar da shi shi ne matsin ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa, kamar yadda iska take tsayar da tayar keke. Wannan matsi ne kuma yake buɗa sababbin ƙwayoyi su yi girma. Ɗan raguwar ruwa ya isa ya tsayar da girman ganye tun kafin a ga yaushi da ido. Ƙaramin ganye kuwa abinci kaɗan yake haɗawa, abinci kaɗan kuma saiwa kaɗan yake ginawa, haka lamarin zai yi ta zagayawa har iri ya tsumbure.

Waɗanda suka fi kowa rauni su ne rassan da aka yanka don dasawa, domin ba su da saiwa ko kaɗan, sai kuma tsirran da aka raino a cikin kwalba a ɗakin gwaji, kamar yadda ake yi wa ayaba da doya da rogo a Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967. Irin waɗannan sun tashi a cikin danshi kusan kashi 100, ƙofofin ganyensu ba su iya rufewa da kyau ba, shi ya sa ake fitar da su a hankali cikin makonni.

Ɗaki Yana Iya Fin Waje Bushewa

Mutum zai zaci tsiron da ke cikin ɗaki ya tsira daga hunturu. Ya tsira daga ƙura da guguwa, amma ba lalle ne ya tsira daga bushewa ba. A ɗauka da asuba zafin iska digiri 15 ne, danshinta kashi 40. Tana ɗauke da kimanin giram 5 na tururi a kowane kubik mita. Idan rana ta bugi rufin kwano ko na leda, zafin ɗakin ya hau digiri 32, iskar za ta iya ɗaukar kusan giram 34, amma giram 5 ɗin nan ne dai a cikinta. Danshi ya faɗo kashi 15 ba tare da ko ɗigon ruwa ya fita daga ɗakin ba. Rumfar leda da ba a yi mata mafitar zafi ba takan fi waje zafi sosai da tsakar rana, ƙishirwar iskarta kuma takan fi ta waje.

Har ila yau, na'urar sanyaya ɗaki tana tatse tururi daga iska, shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga a bayanta. Fitilar lantarki mai zafi da aka matso da ita kusa da ganye tana dumama shi. Fanka kuma da aka saita kai tsaye a kan tsirrai tana share wani siririn mayafi na iska mai danshi da ke kwanciya a jikin kowane ganye, wanda shi ne yake rage saurin fitar tururi.

Alamomin da Ake Gani

Alama ta farko ita ce yaushin tsakar rana wanda yake warwarewa da yamma, alhali ƙasa tana da laima. Daga nan sai gefen ganye ya nannaɗe sama, domin tsiron yana rage faɗin da iska take taɓawa. Bakin ganye da gefensa sukan bushe su yi ruwan ƙasa-ƙasa, saboda nan ne ƙarshen bututun ruwa, kuma nan ne gishirin taki yake taruwa idan ruwa ya tashi ya bar shi. Shi ya sa takin zamani da ya yi daidai da damina yake iya ƙona iri da hunturu. Wani lokaci ma ɓawon iri yakan bushe ya maƙale a kan ganyen farko, ya hana shi buɗewa.

Idan jan ruwa ya yi tsanani, sarƙar ruwan da ke cikin zailam tana iya tsinkewa, kumfar iska ta shiga ta toshe bututun. Idan bututu da yawa suka toshe, ko an ba da ruwa tsiron ba zai farfaɗo ba.

Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai ƙafa takwas, dangin gizo-gizo, wanda da ƙyar ake ganinsa da ido. Yana zama a bayan ganye yana tsotsar ruwansa, ya bar ɗigo-ɗigo masu launin rawaya da siririyar yana. Zafi da bushewa da ƙura su ne abin da ya fi so, kuma a irin wannan yanayi yakan girma daga ƙwai zuwa mai yin ƙwai cikin mako ɗaya ko ɗan fiye.

A tumatirin da ya fara 'ya'ya, matsalar takan fito ta wata fuska. Sinadarin kalsiyam yana tafiya ne tare da ruwan zailam, saboda haka sashen da ya fi fitar da ruwa shi ya fi samunsa. Idan iska ta bushe, ganye yakan janye yawancin ruwan, ɗan tumatir ya sami kaɗan, musamman idan ban-ruwa ba ya kan ƙa'ida. Sakamakon shi ne baƙin tabon nan da yake fitowa a gindin tumatir, wanda manoma da yawa suke zaton cuta ce har su sayi magani su fesa a banza.

Danshi Ma Idan Ya Yi Yawa

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka cewa iyakar danshi iyakar lafiya. Idan iska ta zauna a sama da kashi 90 dare da rana, fitar ruwa takan kusan tsayawa, gishirin abinci ya daina hawa yadda ya kamata, sababbin ganye su rasa kalsiyam. Ƙwayoyin fumfuna da ke cikin ƙasa kuma su sami abin da suke so, su kama ɗan tsiro a daidai wuyansa inda ya haɗu da ƙasa, wurin ya sirance ya ruɓe, da safe a tarar da layi guda a kwance. Wannan cuta tana iya share faranti cikin kwana biyu ko uku. Tsaka-tsaki ake nema: danshi mai yawa a kwanakin farko, sannan a riƙa rage shi yayin da saiwa take ƙarfi.

Hanyoyin Kariya

Dabarar rufe tsiro don tsare masa danshi tana da tarihi. A 1829 wani likita a birnin Landan, Nathaniel Ward, ya lura da wasu 'yan tsirrai da suka fito a cikin rufaffiyar kwalba mai jiƙaƙƙiyar ƙasa, suka kuma rayu shekaru ba tare da an ba su ruwa ba, domin tururin da suke fitarwa yana taruwa a jikin gilashi ya koma ƙasa. Daga nan ya ƙera akwatunan gilashi, a 1833 ya aika da biyu cike da tsirrai a jirgin ruwa zuwa Sidni ta Ostareliya, suka isa da ransu bayan watanni a teku. Da irin waɗannan akwatuna ne aka kai 'yan itacen roba daga lambun Kew na Ingila zuwa tsibirin da ake kira Siri Lanka a yau, a 1876.

Mai reno a ƙasar Hausa zai iya yin irin wannan da abin da ke hannunsa. Ana rufe farantin iri da farar leda a kan 'yan sanduna, ko a kifa rabin gorar ruwa ta roba a kan kowane tsiro, a huda 'yan ramuka, a kuma riƙa ɗagawa kullum don iska ta sake. Sharaɗi guda shi ne kada rana ta buge shi kai tsaye, domin a rufe zafi yana iya dafa iri cikin ɗan lokaci. Da zarar ganyen gaskiya na farko sun fito, sai a fara ƙara buɗewa.

Inuwa tana rage ƙishirwar iska ta hanyar rage zafi. Rumfar kara ko asabari ko raga da ke tace hasken tsakar rana ta wadatar. Zana da aka kafa ta ɓangaren arewa maso gabas tana karya ƙarfin iskar hunturu, abin da masu lambu suka daɗe da sani. Rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a tagar da iska take shigowa yana ƙara danshi yana kuma sanyaya ɗaki, kuma wannan ita ce ƙa'idar da manyan gidajen reno suke bi, inda suke sa jiƙaƙƙen bango a gefe ɗaya da fanka mai zuƙo iska a ɗaya gefen. Yayyafa ruwa a daɓen ɗaki da hantsi, da tara tukwane kusa da juna, da shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan fangali, duk suna taimakawa. Idan za a fesa ruwa a ganye, a yi da safe ko da rana, don ya bushe kafin dare.

Game da ban-ruwa, a tsoma yatsa a ƙasa kafin a ƙara. Idan tana da laima amma tsiro ya yi yaushi, inuwa da danshi yake buƙata. A kuma rage ƙarfin taki a kwanakin da iska ta fi bushewa.

Mataki na ƙarshe shi ne horar da iri kafin dashe. Irin tumatir yakan isa dashe yana da mako huɗu zuwa biyar. Kwana bakwai zuwa goma kafin ranar, sai a fara fitar da shi waje na awa ɗaya ko biyu, ana ƙara lokacin kullum, ana ɗan rage ruwa. A wannan tsakani kakin ganye yana ƙara kauri, saiwa tana ƙara yaɗuwa, 'yan gadi kuma suna sabawa da aikinsu. A yi dashen da yamma, a ba da ruwa nan take, don tsiron ya sami dare guda na sanyi kafin ya fuskanci rana. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Gwaje-gwaje Don Ɗakin Karatu

Gani ya kori ji. Malamin da ba shi da kayan aiki masu tsada zai iya nuna wa ɗalibansa duk abin da aka bayyana. A ɗaura farar leda a kan reshe mai ganye, wata kuma a kan reshen da aka tsige ganyensa, a dawo bayan awa biyu a gwada ruwan da ya taru. A shafa farin man farce a bayan ganye, idan ya bushe a ɓamɓare shi da salatif a ɗora a gilashi, za a ga hoton ƙofofi da 'yan gadinsu a madubin ƙara girma, har a ƙidaya su a kwatanta gaban ganye da bayansa.

Don auna danshi, a rataya ma'aunin zafi biyu kusa da juna, a naɗe gindin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, a yi musu fifita na 'yan mintoci. Idan busasshen ya nuna digiri 30, jiƙaƙƙen ya nuna 26, danshi ya ɗan haura kashi 70. Idan jiƙaƙƙen ya sauka 16, danshi kimanin kashi 20 ne.

Sannan a maimaita gwajin Hales. A sami tukwane uku masu tsirrai iri ɗaya kuma girma ɗaya, a ba su ruwa, a lulluɓe tukunya da ƙasarta da leda don ruwa ya fita ta ganye kaɗai. A ajiye ɗaya a baranda, ɗaya a gaban fanka, ɗaya kuma a ƙarƙashin 'yar rumfar da aka zagaye da jiƙaƙƙen buhu. A auna nauyinsu da safe da la'asar. Kowane giram da ya ragu mililita ɗaya ne na ruwa da ya shiga iska. Ajin da ya rubuta sakamakonsa a Fabrairu, ya sake yin gwajin a Yuli, zai sami alƙaluma nasa na kansa game da yanayin garinsu.

Kammalawa

Rayuwar ɗan tsiro ta rataya ne a kan daidaito tsakanin abin da saiwa take iya kawowa da abin da iska take ɗauka. Zafi da danshi tare suke yanke ƙarfin wannan ɗauka, don haka mai reno ba zai dubi ɗaya ya bar ɗaya ba. A yankin da yake shafe watanni huɗu ko fiye cikin busasshiyar iska kowace shekara, kuma noman rani yake ciyar da dubban gidaje, irin da ya mutu a faranti kuɗi ne da lokacin shuka da ba za su dawo ba a wannan shekara. Ɗalibin da ya iya auna danshi da ma'aunin zafi biyu da ɗan ƙyalle, ya kuma san abin da lambar take nufi ga ganye, yana da abin da zai kai wa mahaifinsa a lambu.